Ciwon jikin da gwaji ba ya gani: me za a ci, me za a bari?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar nan ta sake dawowa, karo na uku ke nan a watan nan, gara a zauna a kanta. Mace ce, jiki na ciwo ko'ina, wuya, kafaɗu, gadon baya, cinyoyi. Ta kwana ta tashi kamar an yi mata dukan sakwara, ga mantuwa, ga kasala. An sha maganin maleriya da taifot har an gaji, daga baya likita ya ce faibromayaljiya ce. To yanzu kowa da tasa: wannan ya ce ta bar magi, wancan ya ce alkama ce, wata ta ce nono ne ke sa sanyin ƙashi. Dakta, Hajiya, Malam, don Allah a warware mana. Ta ina ake farawa?

Dakta Likitan Gaɓoɓi: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Bari in fara da abin da ba a son ji: babu abincin da aka tabbatar yana warkar da wannan ciwo. Matsalar ba a gaɓa take ba, ba a tsoka ba. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi ta laka zuwa ƙwaƙwalwa ne suka zama kamar rediyon da aka ƙure wa murya, taɓawar da wani ba zai kula ba ita sai ta ji ta har rai. Shi ya sa hoton ƙashi ke fitowa lafiya, gwajin kumburi na jini ma lafiya, har dangi su fara cewa raki ne, ko a tafi neman aljani. Ciwo ne na gaske, yana kama mutum 2 zuwa 4 cikin 100, mata sun fi yawa. A da, bisa ƙa'idar 1990 ta likitocin gaɓoɓi na Amurka, ana danna wurare 18 a jiki, in 11 sun yi zafi a ce shi ne. Ƙa'idar 2016 kuwa tana duba ciwo a aƙalla sassa 4 cikin 5 na jiki har tsawon wata 3, haɗe da gajiya da barcin da ba ya wartsakarwa da rikicewar tunani. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai da ta tace duk binciken da aka yi, motsa jiki kaɗai ta ba cikakken goyon baya. Abinci yana shigowa ne ta gefe: ya gyara barci, ya kwantar da ciki, ya rage nauyi, ya cike abin da jiki ya rasa. In waɗannan sun gyaru ciwon yakan sassauta.

Amma kafin a taɓa tukunya, a yi gwaji. Akwai cututtukan da ke sanye da rigar wannan ciwo, kuma suna da magani. A auna yawan jini da feritin, wato ajiyar ƙarfen jiki. A auna TSH, don mutuwar ƙarfin maƙogwaron da ke kawo maƙoƙo tana sa ciwon jiki da kasala da ƙiba da jin sanyi iri ɗaya sak. A auna suga, kalsiyam, bitamin D, bitamin B12, da ciwon hanta nau'in B da C. In gaɓoɓi na kumbura a ido, ko yatsu na sandarewa da safe fiye da awa guda, wannan wata magana ce, amosanin gaɓoɓi ake nema.

Anti Nas: Dakta a ƙara da maganar taifot ɗin nan. Gwajin Widal ba ya tabbatar da komai shi kaɗai, mutanenmu da yawa zai nuna musu ko lafiyarsu ƙalau. Mai ciwon jiki na wata shida ba zazzaɓi, a yi ta ɗirka mata maganin ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye, cikinta ya lalace, sannan a zo ana neman wane abinci ne bai karɓe ta ba.

Dakta Likitan Gaɓoɓi: Haka ne Anti. Kuma feritin yana hawa in akwai maleriya ko wata cuta a jiki, sai ya nuna ajiya ta isa alhali babu. A bari a warke da mako biyu zuwa huɗu kafin a auna.

Baban Sadik Mai Magani: Ni dai a ganina magi ne farkon abin da za a cire, kowa da kowa. Sinadarin gulutamet da ke cikinsa shi ne ainihin wanda jijiyoyi ke amfani da shi wajen tura saƙon zafi. Mai ciwon da jijiyoyinta suka riga suka harzuƙa, me zai sa a ƙara mata? A koma daddawa kamar iyayenmu.

Hajiya Masaniyar Abinci: Malam, a nan zan ɗan ja da kai. Daddawa ma gulutamet ce ke ba ta ɗanɗanon nan, tsimuwar kalwa ce ke sake shi. Haka tumatirin gwangwani da busasshen kifi. Wanda ya bar dunƙule biyu ya zuba daddawa cikin hannu bai rabu da gulutamet ba, ya dai rage gishiri, kuma wannan ma riba ce, don kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. Sannan binciken bai tsaya a kan magana ɗaya ba. A Amurka, a 2012, an sa mutum 57 masu wannan ciwo haɗe da rikicin hanji su bar magi da sinadarin zaƙi na asfatem har mako 4. Mutum 37 ne suka kai ƙarshe, yawancinsu sun ce sun ji sauƙi, kuma da aka mayar musu da magin a ɓoye ciwon ya dawo. A Sifen kuma, a 2014, mata 72, ba a ga wani bambanci ba. To ka ga ba hukunci ba ne a kan kowa. Gwaji ne, mai arha, mara haɗari, kowace ta yi a jikinta.

Baban Sadik Mai Magani: Na karɓi gyara a kan daddawa ranki ya daɗe. Amma in za a gwada a gwada da gaske. Ba dunƙule kaɗai ba ne. Akwai farin magi, akwai yajin tsire da na kilishi, yajin ƙuli na kasuwa, ɗan ƙunshin da ke cikin taliyar leda, miyar gidan biki. A jikin kwali ana rubuta shi E621. Asfatem kuma yana cikin lemon da aka rubuta ba suga, da cingam, da garin lemo na leda. Wadda ta bar na tukunyarta amma kullum da yamma ana kawo mata tsire ba ta gwada komai ba.

Hajiya Masaniyar Abinci: Yawwa. Kuma wannan ya kawo mu kan abin da ya fi duk jerin abinci muhimmanci, wato yadda ake gwajin. Ciwon nan hawa da sauka yake yi da kansa. Mutum ba ya tashi neman magani sai a makon da ya fi tsanani, daga nan kuwa dole a sauko, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Sai abin da aka fara a makon ya kwashe yabo. Da haka masu sayar da garin magani ke cin kasuwa.

A sami littafin makaranta, a ja layi biyar a kowane shafi: abin da aka ci da lokacinsa, ciwo daga 0 zuwa 10, barci, ciki, sai abin da ya faru ranar. Layin ƙarshen nan kada a raina shi. Al'ada ta zo? An yi wankin kaya baho uku? An kwana gidan biki? An yi faɗa da maigida? Iskar hunturu ta sauka? Duk waɗannan na tayar da ciwon fiye da kowace miya. Wadda ba ta rubutu, a ba ta kwalba da ƙwayar masara, kowane dare ta jefa adadin ciwon ranar, a ƙirga ran Juma'a.

Mako 2 na farko ba a canza komai, rubutu kawai. Sannan a cire abu ɗaya tak har mako 4. In makin ciwo ya sauka da kamar kashi ɗaya cikin uku, misali daga 7 zuwa 5 ko 4, sai a mayar da abin kwana 3 a jere a gani. Ya dawo? A sake cirewa. In sau biyu ya yi haka, an kama ɓarawo. In ba abin da ya canza, a mayar da shi tukunya a wuce na gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a wayi gari a cire magi da alkama da nono da nama da suga rana ɗaya. In an ji sauƙi ba a san wanne ba ne, in ba a ji ba an sha yunwa a banza, kuma cikin kwana goma za a watsar.

Ɗan Damagaram: Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da nake gani ya kamata ya riga magi shi ne shayi da goro. Wajenmu shayi uku ake yi a buta ɗaya, na farko mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, kuma zaman bayan isha'i ne. Ƙarfin ganyen kusan duk a na farko yake fita. Mai fama da barci ta sha na farkon nan ƙarfe tara na dare, ai ta sayi ciwon gobe da kuɗinta.

Dakta Likitan Gaɓoɓi: Malam ka taɓo wurin. In da abu ɗaya za a ce a fara da shi, wannan ne. An gwada tun shekarun 1970 a Kanada: lafiyayyun mutane aka riƙa katse musu barci mai nauyi, cikin 'yan kwanaki suka fara ciwon tsoka irin na masu wannan cuta. Kafeyin kuwa, sinadarin da ke hana barci a shayi da kofi da goro, jiki na ɗaukar kamar awa 5 kafin ya fitar da rabinsa. Wanda aka sha ƙarfe tara, ƙarfe biyu na dare rabinsa na nan yana yawo a jini. Za ta iya yin barci, amma sama-sama. Kofin shayin lifton yana da miligiram 40 zuwa 50, na garin kofi 60 zuwa 80, ƙaramin gwangwanin lemon ƙara kuzari 80. Goro kuma kusan kashi 2 cikin 100 na busasshen nauyinsa kafeyin ne, ga shi hajiyoyinmu ɓalla shi ake yi kaɗan-kaɗan tun hantsi har dare, ba mai lissafa shi. Dokar mai sauƙi ce: daga azahar a rufe.

Baban Sadik Mai Magani: A ƙara da ƙwayar ciwon kai. Farasitamol ɗin da aka rubuta wa ekstira yana da kafeyin miligiram 65 a kowace ƙwaya, biyu ke nan sun fi kofin kofi. Kuma kada a yanke shayi ko goro rana ɗaya. Bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai zai sauko, ya yi tsanani a kwana na biyu, yana iya kai mako guda, sai ta ce ai barin ne ya ƙara mata ciwo ta koma. A rage kashi ɗaya cikin huɗu duk kwana 3 ko 4, a fara da na dare. A maye gurbinsa da ruwan citta da kanumfari da na'ana'a, ba ganyen shayi a ciki.

Ɗan Damagaram: Wadda zaman ne ba ta son rasawa, a ajiye mata na uku, ƙaramin kofi ɗaya. Sai dai shi kuma suga ne ya yi masa yawa.

Maman Ilham: To alkama fa? Ita ce ake ta yaɗawa yanzu, har ana sayar da garin da aka ce ba gulutin da tsada.

Hajiya Masaniyar Abinci: Kada a sayi komai. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, doya, rogo, dankali, duk ba gulutin a cikinsu. Tuwon gidanmu tun asali haka yake. Gulutin sinadarin da ke sa ƙullun fulawa danƙo ne, alkama da sha'ir ne ke da shi: burodi, taliya, gurasa, funkaso, alkaki, fanke, cincin, tuwon semo, lemon malt, da ɗanwaken da aka haɗa da fulawa. Akwai cutar hanji ta gaske da gulutin ke jawowa, tana kama kamar mutum 1 cikin 100 a duniya, tana zuwa da gudawa, rama, ƙarancin jinin da ba ya jin magani. Mai waɗannan alamu a yi mata gwajin jini tun tana cin alkamar, don in ta riga ta bari gwajin zai fito lafiya alhali cutar na nan. Sauran kuwa, an gwada a Sifen, mutum 75, wata shida, rabi suka bar gulutin, rabi suka rage yawan abinci kawai, ba wanda ya fi wani.

Abin da ke faruwa da yawa shi ne, wadda ta bar burodi ta ji cikinta ya sauka, ba gulutin ba ne, wani nau'in suga ne a cikin alkamar da hanji ba ya narkarwa. Irinsa na cikin albasa da tafarnuwa. Masu wannan ciwo da yawa suna da rikicin hanji: kumburin ciki, iska, murɗa, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita, wanda a nan ake kira olsa ko basir a yi ta shan magani. Jami'ar Monash ta Ostareliya ta tsara musu hanyar da ake kira FODMAP, wato a ɗaga abincin da ke da ire-iren sugan nan na ɗan lokaci. A Fotugal an gwada ta kan mata 38 masu faibromayaljiya na mako 4, ciki da ciwon jiki duk sun ragu, sai dai ba a kwatanta su da wasu ba, don haka ba a rantse a kai. Mai lafiyar ciki ba ruwanta da wannan tsari.

Ga yadda yake a tukunyarmu. Abin da ake ɗagawa na ɗan lokaci: albasa, tafarnuwa, alkama, wake da duk 'ya'yansa, ƙosai da alala, madara ta ruwa da ta gari, mangwaro, kankana, tuffa, zuma, dabino mai yawa, yazawa. Abin da ake ci hankali kwance: shinkafa, gero, dawa, masara, dankalin Turawa, nama, kifi, ƙwai, alayyahu, karas, kokwamba, gwanda, abarba, lemon zaƙi, gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya. Dankalin Hausa da kuɓewa a tsaya a kaɗan, rabin kofi.

Anti Nas: Hajiya miya ba albasa? Ai sai maigida ya yi yaji.

Hajiya Masaniyar Abinci: Akwai dabara Anti. Sugan nan yana narkewa a ruwa, ba ya narkewa a mai. A yanka albasa manya-manya, a soya a mai har ta yi ja, a tsame ta tas kafin a zuba tumatir ko ruwa. Ƙamshi ya shiga mai, abin da ke kumbura ciki ya fita da albasar. Amma in an dafa ta cikin miya sannan aka tsince, an makara, ya riga ya zube a romo. Sannan lawashi, koren ganyen kawai ban da farin gindin, ba shi da matsala, a zuba son rai. Awara ma ana ci, don abin da ke sa iska yana bin ruwan da aka matse. Madarar waken suya kuwa a'a, ita ruwan ne gaba ɗaya.

Ranar mutum za ta iya zama haka: da safe koko ko kunun gyaɗa ba madara, da dafaffen ƙwai biyu ko wainar shinkafa da ba a sa albasa a ƙullin ba. Da rana shinkafa da miyar alayyahu da kifi. Da dare tuwon dawa ko masara, miyar kuka ko taushe.

Mako 2 zuwa 6 ake yi, kada a wuce. Daga nan a riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Wake misali: ranar farko cokali 2, ta biyu cokali 4, ta uku rabin kofi, sannan a huta kwana 3 kafin a gwada albasa. A jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa a sake zubarwa. Yawanci abu ɗaya ko biyu ne kawai ke da laifi, kuma shi ma sai an yi yawa. Wadda ta zauna a matakin farko wata da watanni don tsoro za ta rame, bayan gida ya ƙara tauri, ƙwayoyin hanji masu amfani su ragu. Mai ciki, mai shayarwa, da wadda dama ramammiya ce, ba nasu ba ne. In kuma akwai jini a bayan gida, ko gudawar da ke tayar da mutum cikin dare, ko rama ba dalili, asibiti za a nufa.

Maman Ilham: Nono fa ranki ya daɗe? Tsofaffi sun dage shi ke sa sanyin ƙashi.

Hajiya Masaniyar Abinci: Nono ba ya taɓa ƙashi sai da alheri. Abin da ke akwai, yawancin mutanen Afirka ta Yamma in sun girma ba sa narkar da sugan madara sosai, makiyaya Fulani ne da yawa suka tsira da wannan. Sai ciki ya yi ta ƙugi. Kindirmo da nonon da ya yi tsami sun fi ɗanyar madara sauƙi don tsamin ya cinye wani kaso na sugan, man shanu kuwa kusan babu. A gwada rabin kofin kindirmo da fura. In ciki ya yi shiru a ci gaba, don cire shi ba dalili asara ce ta kalsiyam. Binciken da aka yi a Jos kan yara masu lanƙwasar ƙafa ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalili, ga rana tana dukansu kullum. Wadda nono bai karɓe ta ba ta riƙe miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya.

Dakta Likitan Gaɓoɓi: Tunda an zo kan ƙashi, bitamin D. Kada a ce muna ƙasar rana. Matar da ke cikin gida, in za ta fita a rufe ruf, fata kuma baƙa wadda ke buƙatar rana fiye da fara, tana iya rasa shi. Ƙarancinsa mai tsanani na laushe ƙashi, ya sa ciwon ƙugu da cinyoyi, tashi daga tabarma ya zama aiki sai an dafa ƙasa. Ƙasa da nanogiram 12 a gwaji rashi ne, 20 ya wadatar. A tsakar gida a buɗe hannuwa da ƙwauri rana ta taɓa su minti 20 zuwa 30, sau 3 ko 4 a mako. Ta bayan gilashin taga ba ya aiki. A abinci: kifin sadin, titus, gwaiduwar ƙwai. Wadda nata ya cika, ƙarin ƙwaya ba zai rage mata ciwo ba.

Baban Sadik Mai Magani: Ga kuskuren da ke faruwa a kan wannan. Ƙwayar bitamin D mai lamba 50,000 sau ɗaya a mako ake sha, mako 6 zuwa 8, da abinci mai maiƙo. Wasu na sha kullum. Jiki ba ya fitar da shi ta fitsari, taruwa yake, kalsiyam ya hau, a fara ƙishirwa da amai da tsakuwar ƙoda. Na kullum iyakarsa 4,000.

Magniziyam ma ana ta tallarsa. Mace na buƙatar miligiram 310 zuwa 320 a rana, kuma abinci na iya bayarwa: cikin tafin hannu na 'ya'yan kabewa kusan 150, riɗi kusan 100, gyaɗa 50, kofin dafaffen wake kusan 90. In za a sha ƙwaya kada a wuce 350, tana sa gudawa, mai ciwon ƙoda kuma kada ta taɓa. A raba ta da maganin maƙoƙo da awa 4, haka ƙwayar ƙarin jini da kalsiyam, don suna hana shi shiga jiki. Ƙwayar ƙarin jini kuma ba a kora ta da shayi, a bar awa 2 tsakani, a sha da lemon zaƙi. Mai sikila ba ta shanta sai gwaji ya nuna. Mai shan metfomin, maganin suga, ko omefurazol, maganin olsa, na shekaru a duba mata B12, dukansu na rage shi, ƙarancinsa kuma na sa tafin ƙafa zafi da jin kamar ana tsira allura.

Hajiya Masaniyar Abinci: Magniziyam ɗin hatsi a dusa yake, surfe mai yawa na tafiya da shi. A rage surfen gero, a jiƙa shi ya kwana ko a bar ƙullu ya yi tsami, jiki ya fi iya ɗiban ƙarfe da sauran ma'adinai daga ciki. Kanwa a sassauta mata, tana kashe bitamin B1 a wake, ga gishirin da ke cikinta. Gyaɗa kuma a tsince mai baƙi da mai ɗaci da wadda ta yanƙwane a zubar, gubar fumfuna ba ta mutuwa da suya.

Mai Gashin Ƙashi: Ba wanda ya yi maganar ƙiba, kuma ita ma tana da hujja. A Masar, a 2012, an rage wa masu ƙiba da wannan ciwo abinci na wata shida, barcinsu da ƙuncin ransu da ciwon jikinsu duk sun gyaru fiye da na waɗanda ba a rage wa ba. Ba sai an koma siririya ba. Mai kilo 80 ta sauke 4 zuwa 8, a hankali, rabin kilo a mako. Inda nauyin ke ɓuya: mai da lemo. Cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kalori 120, mu kuwa da ludayi ake zubawa har ya yi iyo a kan miya. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana da suga kusan ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 12 ne iyakar yini, 6 ya fi. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunta, miyar ganye ta fi tuwon yawa, nama ko kifi ko ƙwai a kowane ci don kada tsoka ta zube. Yunwar dole ba ta aiki a nan, kasala take ƙarawa. Bayan cin abinci a taka minti 5 zuwa 10 ko a tsakar gida ne, a ƙara minti 2 duk mako. Ranar da aka ji daɗin jiki kada a rama aikin mako guda, kwana uku za a yi a kwance.

Baban Sadik Mai Magani: Kuma a sani maganin da kansa na sa ƙiba. Amitiriftilin, ko miligiram 10 zuwa 25 ɗin da ake ba da dare, yana busar da baki, ya buɗe ciki, ya sa kwaɗayin zaƙi, ya taurara bayan gida. Baki ya bushe sai a ɗauki lemo, nan nauyin ke shiga. A ajiye ruwa kusa, da gwanda don bayan gida. Firegabalin na sa ƙiba da kumburin ƙafa. Duloksetin na tayar da zuciya, a sha shi bayan an ci abinci. Ba a yanke ko ɗaya rana ɗaya, likita ne ke saukar da shi. Sannan haɗin kemis na ciwon jiki, ƙwayoyi huɗu biyar a leda: yawanci akwai dikulofenak ko ibufurofen da deksametason. Na farkon ba sa aiki a wannan ciwo tunda ba kumburi, sai dai su ci ciki da ƙoda. Na ƙarshen na kumbura fuska, ya tayar da suga, ya cinye ƙashi. Wadda ta yi makonni tana sha kada ta tsaya kwatsam, ta je a saukar mata. Tiramadol kuma a kan amitiriftilin ko duloksetin na iya kawo rawar jiki da zazzaɓi da farfaɗiya, haka ƙwayar 5-HTP da ake sayarwa a matsayin ƙarin abinci.

Ɗan Damagaram: Da azumi fa Dakta? Nan ne shayin dare ke ninkuwa.

Dakta Likitan Gaɓoɓi: Shayi kofi ɗaya da buɗa baki, shi ke nan. Ruwa a raba shi tsakanin magariba da sahur, kofi 8 ko fiye, kada a ɗura shi lokaci ɗaya gab da asuba, fitsari zai tafi da shi. Sahur ya zama mai zama a ciki: tuwo ko fura mara suga da ƙwai ko nama, ba burodi da shayi mai zaƙi ba. Amitiriftilin a sha bayan tarawihi, awa 2 kafin kwanciya. In an sha da sahur za a wuni ana layi. Kuma watan azumi ba lokacin fara gwajin cire abinci ba ne, barci da ci duk sun sauya, littafin ba zai faɗi gaskiya ba. A bari sai mako 2 bayan salla.

Anti Nas: Hajiya, man albasan nan ana iya yin da yawa a ajiye? Don soya shi kullum aiki ne ga mai ciwon hannu.

Hajiya Masaniyar Abinci: A yi na kwana 3 kawai, a tace shi sosai kada ko ɓurɓushi ya rage, a sa a firji. Albasa ko tafarnuwa da aka bari a nutse cikin mai a zafin ɗaki na iya haifar da guba mai shanye jiki, kuma ba ta wari balle a gane. Inda wuta ba ta tsayawa, a soya na ranar. In yankan ne wahala, a raba albasar gida huɗu kawai a jefa, ta ma fi sauƙin tsamewa.